Tayata ta fashe a hanyar Jega alhali zanenta na nan: ku zo kowa ya faɗi abin da ya gani

Ma'aikaci, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a. Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na ɗebi iyali a Corolla ɗina muka kama hanyar Jega gaisuwar rasuwa. Wajen ƙarfe uku ne, rana ta take, kwalta daga nesa sai ƙyalli take kamar an watsa ruwa. Mun wuce Kalgo da ɗan nisa sai na ji ƙara kamar an harba bindiga, bayan mota ya fara jan jiki gefe. Allah ya taimake ni ban taka birki ba, kuma ba don na iya ba, ƙafar ce ta ƙi motsi. A hankali motar ta tsaya da kanta a bakin hanya.

Abin da ya ɗaure mini kai, tayar nan bara na saye ta, gwanjo ce, amma zanenta har yanzu yatsa na shiga ciki. Da na kai wa mai faci a Jega sai ya juya ta, ya goge gefenta da tsumma, ya nuna mini lambobi huɗu a cikin wani ɗan da'ira mai tsawo: 1814. Ya ce mako na 18 ne na shekarar 2014. Wato ranar da na biya kuɗinta ma tsohuwa ce tukuf. Shekara nawa ina tuƙi ban san da wannan lamba ba. Ina so in ji daga gare ku, musamman masu bin hanya kullum, wace irin taya ce ke jure mana wannan zafi?

Direban layin Yauri

Allah shi ƙara tsarewa, Malam. Wagga hanya ta Jega zuwa Koko zuwa Yauri na fi shekara ashirin ina bin ta, tun da Fijo har munka dawo Sharon. Daga watan uku zuwa watan biyar, in ka duba bakin hanya, ɓawon taya kawai za ka riƙa gani kamar macizai sun yi saɓa. Ni dai abin da iyayen gidanmu sunka koya muna, in rana ta yi zafi, ka tsaya Koko ka rage iska kaɗan, ka watsa ma tayoyi ruwa, ka sha shayi, sannan ka ci gaba. Haka nika yi, kuma alhamdu lillahi.

Mai faci, bakin tasha

Baba direba, da girmanka, amma a nan zan ɗan saɓa maka. Tsayawar nan da kake yi a Koko ita ke cetonka, ba rage iskar ba. Taya in ta yi gudu ta ɗau zafi, dole iskar cikinta ta ƙaru da kamar uku ko huɗu a geji, kuma masu ƙera ta sun san da haka. In ka sace wannan iskar tana da zafi, gobe da asuba in ta huce za ka tarar ta koma ƙasa da yadda ya kamata. To taya mai ƙarancin iska ita ce ke fashewa. Gefenta ke ta lanƙwashewa yana miƙewa duk juyi ɗaya, kamar yadda za ka yi ta lanƙwasa waya a hannunka har ta yi zafi ta karye. Yawancin waɗanda ake kawo mini a fashe, in na leƙa ciki sai in ga baƙin gari kamar na gawayi ya taru, gefen ya cinye daga ciki. Wannan ba aikin yawan iska ba ne.

Amma mu ma masu faci muna da laifi, ba zan ɓoye ba. Akwai yaran da kowace mota ta zo 40 ko 45 suke ɗura mata, wani ma ba geji, sifana zai ƙwanƙwasa ya saurari ƙara. Wani kuma ya karanta lambar da ke jikin taya, 44 ko 51, ya ce nan ne daidai. Waccan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Ainihin adadin yana jikin motar, ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da aka manna a jikin ginshiƙi, wasu motocin kuma a murfin tanki. Ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 ne da 35. Kuma da safe ake aunawa, kafin a yi nisa.

Direban layin Yauri

To ɗana, na ji. Amma shayin Koko ba ni bari.

Malamar makaranta, Argungu

Ni tawa matsalar ba fashewa ba ce, ƙusa ce. Unguwarmu gini ake ta yi, a wata guda sau uku na kwasa. Tun da na koma tubles, wato taya marar tub a ciki, na ɗan huta, don ƙusa na iya shiga ka yi kwana biyu ba ka sani ba, sai dai iska ta riƙa zurarewa a hankali. Nan kuma haɗarin yake, tunda ido ba ya gane tayar da ta rage kaɗan.

Wata rana na gwada wani abu. Na sa aka auna mini taya ɗaya a wuri uku cikin gari, tsakanin wannan da wancan bai fi tafiyar minti biyar ba. Na farko ya ce 28, na biyu 34, na uku ya ce ta yi yawa a rage. Daga nan na sa ƙanena ya sayo mini ɗan geji nawa, yana nan cikin aljihun mota tare da takardu. Duk Asabar da safe kafin a fita cefane nake zagayawa. Maigidan da farko dariya yake mini, wai na zama bakanike, yanzu shi ke aron gejin.

Mai faci, ina da tambaya. Wannan igiyar roba da kuke cusawa daga waje ba tare da an cire taya ba, tana da aminci?

Mai faci, bakin tasha

Hajiya, tana kai mutum gida, kuma da yawa suna daɗewa da ita. Amma in da hali a cire tayar a duba ciki a manna faci daga ciki, ya fi. Wannan duk in hudar a kan zane take. In a gefe ne, ko kusa da kafaɗa, ni ba na taɓawa, ko an ce za a ninka mini kuɗi. Gefen taya ba ya karɓar faci, wurin motsi yake yi ba tsayawa.

Ɗan kasuwar albasa, Aliero

Ku duka kuna maganar zafi da iska, kun bar babban. Lodi. Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ranar kasuwa ka tsaya ka ga yadda muke yi wa Golf: buhunan albasa a but har murfi bai rufuwa sai da igiya, wasu a sama, mutum huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Bayan motar kamar zai taɓa ƙasa.

Wani ɗan'uwana da ya yi karatun injiniya ya taɓa zaunar da ni ya karanta mini rubutun jikin tayata, 195/65 R15 91H. Ya ce 195 faɗinta ne a milimita, 15 girman wili, wannan duk mun sani tunda da shi muke saye. Amma 91 ɗin nan da ba mai kallo, shi ne nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka, kilo 615. H kuma gudu ne, har kilomita 210 a awa, wanda ba ruwanmu da shi. Ya ce in ka haɗa huɗu ka samu 2,460, har da nauyin motar kanta a ciki. Kuma kayanmu duk a baya suke taruwa, tayoyi biyu ke shan wahalar. Tun ranar na gane me ya sa kullum ta baya ce ke fashe mana. Ban ce na daina lodi ba, kar in yi ƙarya, kuɗin mai ba zai bari ba. Amma na rage, kuma bas ɗin da muke haya na tabbatar tayoyinta masu harafin C ne a ƙarshen lamba, irin na ɗaukar kaya. Akwai masu sa wa Hiace tayar ƙaramar mota don ta fi araha. In na ga haka sauke kayana nake yi.

Mai sayar da taya

Na ga an fara jifan gwanjo, bari in kare sana'ata kaɗan. Ba kowace gwanjo ce matacciya ba, kuma ba kowace sabuwa ce lafiyayya ba. Na sha ganin taya a leda, ba ta taɓa taka ƙasa ba, amma ta shekara biyar a sito. Na kuma ga sababbi da aka cusa uku ko huɗu cikin juna a kwantena don a rage kuɗin dako, in an zaro su wayar bakinsu ta riga ta lanƙwashe. Irin wannan ba ta zama daidai a wili har ta mutu.

Mu tuna kuma ba mu da tamu. Michelin sun rufe masana'antarsu ta Fatakwal a 2007, Dunlop suka daina yi a Legas a 2008. Tun daga nan tayar mota daga waje take zuwa, dala ta motsa farashi ya motsa. A doka ma tayar gwanjo tana cikin kayan da kwastan suka hana shigowa da su, amma kowa ya san tana cike da kasuwa, don kuɗin sabuwa ɗaya mai suna zai sayi gwanjo biyu ko fiye. Mai albashi ya za ya yi?

In dole sai gwanjon, ga abin da nake gaya wa abokan cinikina. Bayan lambar shekara, ka nemi hoton ɗan dutse mai tsini uku da alamar ƙanƙara a ciki. In ka gan shi, tayar hunturun Turai ce. Robarta taushi gare ta, an yi ta don ƙasar da ruwa ke daskarewa, kuma su suka fi zurfin zane da kyan gani, shi ya sa suke saurin shiga ido. A kan kwaltar Kebbi a watan huɗu narkewa kawai take yi. Sannan ka sa hannu ka shafa cikinta ka ji ko akwai faci ko tudu. Ka matsa gefen ka ga ko ƙananan tsaga za su buɗe kamar faso. Kuma ka yi hattara da zanen da ya yi kaifi fiye da kima, akwai masu sassaƙa sabon zane a kan suɗaɗɗiyar taya da ƙarfe mai zafi, su shafa mata baƙin mai ta yi ƙyalli.

Ma'aikaci, Birnin Kebbi

Alhaji, yanzu na fita na duba gawar tayar a but. Dutsen nan da ƙanƙara yana jiki. Inna lillahi. Ɗayar ta baya ma irinta ce, tare na saye su.

Malamin asibiti, Zuru

Mu nan ɓangaren ramuka ne ke kashe mana taya kafin ta tsufa. Damina in ta sauka, ruwa ya rufe rami, ba ka sanin zurfinsa sai ka faɗa. Bara na daki wani da gudu, washegari na ga gefen tayar gaba ya yi ƙulu kamar ƙwan kaza. Na yi sati ina yawo da ita ina cewa sai albashi, har wani dattijon bakanike ya gani ya ce, "Ɗana, zaren ciki ya tsinke, roba kawai ta rage tsakaninka da lahira." Ranar na sa safaya.

Abu na biyu, bayan wannan dukan motar ta fara ja hagu, ban kula ba. Cikin wata uku sabuwar tayar ta cinye ta ciki har waya ta leƙo, daga waje kuwa lafiya lau. Alaimen ne, wato saitin ƙafafun mota, ya goce. Kuɗin saitin bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin tayar da na yi asara ba. Yanzu in na tsaya nakan murɗa sitiyari har ƙarshe in leƙa cikin tayar gaba.

Tsohon direban gwamnati

Kan batun shekaru, jami'an kiyaye haɗurra na FRSC shekara 4 suke ƙirgawa daga ranar da aka ƙera taya, kuma da ita suke kama mutane a hanya. Manyan kamfanonin taya kuwa cewa suke bayan shekara 5 a riƙa dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da zanenta na nan. Ni a ganina, wanda motarsa ke kwana a rana a Birnin Kebbi ko Kamba gara ya karkata wajen lissafin farko. Zane kuma in ya sauka zuwa milimita 1.6 ya ƙare, akwai ƴan tudu a cikin kwarin zanen, in sun yi daidai da saman taya an zo wurin.

Malam mai Corolla, ƙafarka da ta ƙi motsi ita ta yi maka rana. Waɗanda suka tuna haɗarin ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi a watan Maris na 2016, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, tayar baya ce ta fashe, ya rasu shi da matarsa da ɗansa. Abin da aka koya mana, in taya ta fashe ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka saita mota a miƙe, ka janye ƙafa daga totur a hankali, birki sai gudu ya mutu. Kuma in biyu kawai za ka iya saye, sababbin a baya ake sa su. Gaba in ta kuɓuce kana da sitiyari a hannu, baya in ta kuɓuce ba ka da komai.

Direban layin Yauri

A'a fa, Oga. Mu a tasha sabuwa gaba muka sa wa, can injin yake, can birki yake. Wanga kam sai mun zauna.

Ma'aikaci, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai jama'a. Yau na sayi sababbi biyu, na tsaya a kan mai shagon sai da ya fito mini da lambar shekara na karanta da idona, na bana ne. Na bi maganar Oga na sa su baya, Baba direba ka yi haƙuri. Na gaban suna da sauran rai, sai ƙarshen wata. Takardar jikin ƙofa kuma na same ta, ƙura ta rufe ta, ashe shekara da shekaru ina ɗura fiye da abin da aka rubuta a gaba, baya kuma ƙasa da shi.

Abu ɗaya da ba wanda ya ambata: safaya. Ranar Juma'ar nan da na zaro tawa a bakin hanya, ba iska ko kaɗan, sai da wani mai babur ya ɗauke ni da ita zuwa Jega, iyali na zaune ƙarƙashin dogon yaro suna jira. Hajiya ta Argungu, a wane irin shago ƙanenki ya samo gejin nan, na masu kayan gyara ko na masu taya?