Neman kalma: farin abin nan da ke liƙewa a haƙoran yara

Mai shirin lafiya: Salamu alaikum. Jibi 20 ga Maris, Ranar Lafiyar Baki ta Duniya, gobe da yamma kuma za mu naɗi shirin rediyo kan kai yara wurin likitan haƙori. Likitar da muka gayyata "plaque" take ta faɗa. Farin abin nan ne mai laushi da ke taruwa a gindin haƙori kusa da dasashi, in an kankara da farce ya fito. Me zan ce da Hausa? In na ce datti, iyaye za su ɗauka guntun abinci ne.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Gaskiyarki Hajiya, ba guntun abinci ba ne. Ƙwayoyin cuta ne ke haɗuwa su manne, su ci sukarin alawa da lemon da yaro ya sha, su fitar da tsami mai cin ɓawon haƙori har ya yi kogo. Mu dai dauɗar haƙori muke ce wa iyaye.

Ɗan Damagaram: Yauƙin haƙori. Duk wanda ya tashi da safe ya shafa harshe a haƙoransa kafin ya yi asuwaki ya san shi.

Tsohon malamin Hausa: A'a. Yauƙi na kuɓewa ne da karkashi. Kalmar ita ce ƙanzon haƙori. Abin da ya rage a gindin tukunya, ya kama, ya ƙi fita sai da kankara. Na daɗe ina faɗar ta a aji.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, kalmar ta yi daɗi, amma ta wani abu ce daban. In aka bar mai laushin ba a goge ba, yakan daskare ya zama dutse-dutse, rawaya ko ruwan ƙasa, musamman a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Wannan buroshi ba ya fitar da shi, sai likita ya kankare da ƙarfensa. Shi ne ƙanzo.

Tsohon malamin Hausa: Ga shi nan kuma, "buroshi". Gobe a ce "makilin" a gidan rediyo. Muna da magogi, muna da man goge baki. Harshen da miliyoyin mutane ke yi daga Kano har Kumasi ya rasa sunan abin da ke cikin bakinsa?

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, asuwakin ma daga Larabci muka aro shi, ba wanda ya ce ba Hausa ba ne. Abin da ke damuna shi ne, kalma in ba daga Kano ta fito ba sai a ce ba daidaitacciya ba ce. Mu ma a nan da Hausar muka tashi.

Tsohon malamin Hausa: Ɗana, ban ambaci gari ba. Aron da ya kwana ɗaruruwan shekaru daban yake da na jiya.

Ɗan Damagaram: Asibiti fa? Likita fa?

Ma'aikaciyar jinya: Don Allah mu dawo kan yaran. Hajiya, ko wace kalma kika ɗauka, ki kashe maganar "tsutsar haƙori", babu tsutsa a ciki. Ki kuma gaya wa iyaye kada su ce haƙoran nono ai za su zube. Guda 20 ne, su ke riƙe wa manyan gurbi. Wajen shekara 6 turmin farko na dindindin yake fitowa can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Sai uwa ta ɗauka shi ma na famfara ne, ta bar shi ya ruɓe, a kawo mana yaro kumatu a kumbure, ya kwana bai runtsa ba. A fara kai yaro duba kafin ya cika shekara 1, a goge masa safe da dare, ɗan ƙasa da shekara 3 a sa masa man goge baki kamar ƙwayar shinkafa.

Mai shirin lafiya: Allah ya saka da alheri. Zan ce yauƙin haƙori ga mai laushin, ƙanzon haƙori ga wanda ya daskare, in yi bayanin kowanne sau ɗaya. Baba, ka yarda?

Tsohon malamin Hausa: Ƙanzon na yarda. Yauƙin ki faɗa tunda lokaci ya ƙure, amma raina bai kwanta da shi ba. Ki dai ce magogi.

Mai shirin lafiya: Zan faɗi magogi da buroshi duka. Saura sinadarin "fluoride" na cikin man, mai kare haƙori daga ruɓewa, shi fulorayid zan bar shi in ba wanda ya kawo wata kalma kafin azahar ɗin gobe.