Ni ne na bakwai a layin zaɓe a Fantasy Draft: wa ya kamata in fara ɗauka?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum. Mu takwas ne a gidan kallon ƙauyenmu muka buɗe gasar Fantasy ta Firimiyar Ingila, wato wasan manhaja da kowa ke haɗa ƙungiyarsa da 'yan wasan gaske yana samun maki gwargwadon ƙoƙarinsu a fili, amma bana mun bar tsarin da aka saba na sayen 'yan wasa da kasafin fam miliyan 100 na cikin wasan, mun koma tsarin Draft, inda babu maganar kuɗi, kuma ɗan wasan da wani ya riga ya ɗauka ya haramta ga saura. Ƙuri'a ta ba ni na bakwai, saboda haka manyan sunaye za su ƙare kafin layi ya zo kaina. Ina neman shawarar magabata a kan yadda zan haɗa 'yan wasa 15 masu ƙarfi.

Malam Na-Gumel:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Na bakwai ba abin baƙin ciki ba ne, domin layin juyawa yake yi a kowane zagaye: wanda ya zaɓa a ƙarshe shi ne zai fara a zagaye na gaba. Kenan kai ne mai zaɓi na 7 da na 10, sannan na 23 da na 26, alhali na farko sai ya jira har na 16 kafin ya sake ɗaukar kowa.

Abin da nake so ka lura da shi lissafi ne. Kowannenku yana buƙatar gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5 da 'yan gaba 3. Ku takwas kuna neman 'yan gaba 24 ke nan, ga shi ƙungiyoyin 20 ne kacal, kuma yawancinsu ɗan gaba ɗaya suke farawa da shi, cikinsu ma har da waɗanda sai su yi wata ba su ga raga ba. Gola kuwa 16 kuke nema a cikin 20 da ake sa wa a kowane mako, don haka ko a zagayen ƙarshe ba za ka rasa ba. A ganina, ɗaya daga cikin zaɓinka biyu na farko lallai ya zama ɗan gaba wanda ba a ajiye shi a benci, in so samu ne ma mai buga wa ƙungiyarsa fanareti.

Abu Khadija, Ɗambatta:
Malam ya yi gaskiya a kan ƙarancin 'yan gaba, sai dai ina da ja kaɗan. Ƙwallon ɗan tsakiya maki 5 ce, ta ɗan gaba 4, kuma ɗan tsakiya yana samun ƙarin maki 1 idan ba a zura wa ƙungiyarsa ƙwallo ba. Salah, wanda wasan ya lissafa a ɗan tsakiya, ya tara maki 344 a kakar 2024/25, yayin da Haaland, duk da ƙwallaye 36 da ya ci a 2022/23, ya tsaya a 272. Idan ɗan tsakiya mai kai hari irin wannan ya rage a zaɓi na 7, kada ka bar shi saboda ka cika gurbin gaba; na 10 yana nan tafe. Ka kuma tuna cewa a Draft babu kyaftin da zai ninka maka maki, saboda haka tauraro ɗaya ba ya ɗaukar nauyin goma.

Wani abin da mu 'yan Afirka muke mantawa shi ne Kofin Afirka. Wanda aka yi a Maroko ya fara ranar 21 ga Disamba 2025, ya ƙare 18 ga Janairu 2026, daidai lokacin da wasannin Firimiya suka fi cunkushewa, kuma duk wanda son gida ya sa ya haɗa Iwobi da Bassey na Fulham ya rasa su tare.

Kawu Sale:
Nawa gajere ne. Kowane zaɓi yana da ƙayyadadden lokaci, kuma kun san halin sabis a ƙauye idan hadari ya haɗo. Ka jera waɗanda kake so a jerin sa ido da ke cikin manhajar tun kafin ranar zaɓen, bisa fifiko, domin idan lokacinka ya ƙare manhajar daga nan take ɗaukar maka.

Ɗan Ringim:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan ɗauki ɗan tsakiya a na 7, ɗan gaba a na 10, gola kuma sai ƙarshe. Kawu, jerin nan mutum nawa ya kamata in sa a ciki?