Masu riƙe da gidauniyar gida, ya kuka yi da 'yan'uwa?

Ɗan kasuwa, Kano: Assalamu alaikum. Baba ya rasu bara, ya bar wasiyya a ba marayu sulusin dukiyarsa. Sulusin ya faɗa kan shaguna 4, hayarsu za a riƙa rabawa. Mu 11 ne, ɗaki uku. Haya ba ta ma shigo ba, kowane ɗaki ya kawo jerin marayunsa, duk dangin uwa. Don Allah wanda ya taɓa ɗaukar irin wannan amana ya ba ni haske.

Hajiya, Kaduna: Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena, ku fara da rajista. Mu shekara biyu kuɗin na asusun Yaya, mutum mai amana. Ranar da ciwo ya kwantar da shi ba wanda ya iya cire ko kwabo, ga kuɗin makarantar yara 16 ya taso. Sarƙata na sayar na biya. Daga nan muka yi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Aka buga sunayenmu a jaridu biyu, aka jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, banki kuma ya ce sai da takardar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram. An sha zirga-zirga, amma yanzu kuɗi ba ya fita sai biyu cikin amintattu uku sun sa hannu.

Malamin makaranta, Gusau: Mu ba kuɗi ne ya raba mu ba, kunya ce. Wa zai dubi idon Gwaggo ya ce jikanta bai cancanta ba? Sai muka shigo da bare biyu cikin kwamiti, limamin unguwa da wata akanta mai ritaya. Muka rubuta cewa duk wanda ya kawo sunan ɗan'uwansa zai fita waje har a gama magana a kansa. Ni aka fara fitarwa, na zauna a dakali ina jin muryoyinsu, raina a ɓace. Ɗan ƙanwata bai samu ba, wata yarinya da ban sani ba ta samu, yanzu tana aji uku na sakandare. Shagunan kuma ku mayar da su waƙafi a rubuce, da sharaɗin da Sayyidina Umar ya sa wa gonarsa ta Khaibar: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya: Ku tsaya kan abu ɗaya. Mun yi shekara biyar muna rabon shinkafa da azumi, bayan Sallah babu abin nunawa. Gidauniyar Dangote, da aka kafa a 1994 aka zuba mata dala biliyan 1.25 a 2014, ita ma zaɓa ta yi, har ta haɗa hannu da ta Bill Gates kan yaƙi da shan-inna. Mu mun koma biyan kuɗin tiyatar haihuwa kawai.

Ɗan kasuwa, Kano: Na gode ƙwarai. Malam, iyayenmu mata fa, cikin kwamiti kuka sa su ko shawara kawai ake kai musu? Ranar Juma'a za mu zauna.