Ƙayyade yawan asusu a manhajar intanet: shawarwarin da aka tattara

Tambayar ita ce: yaya za a hana yawan asusu a manhaja wuce wata iyaka, misali 500? Duk masu ba da shawara sun amince cewa a sabar, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, ake tsare iyaka. Ɓoye maɓallin rajista ba ya hana wanda zai aiko da buƙata kai tsaye zuwa sabar.

Inda aka fi jan magana shi ne ƙidaya. Da yawa sukan ƙirga asusun da ke akwai, in ba su kai 500 ba su ƙara sabo. To, mutum biyu na iya yin rajista a lokaci guda, kowanne ya tarar da 499, duka su shige, a wayi gari da 501. Maganin shi ne tebur mai layi ɗaya a rumbun adana bayanai da ke riƙe da adadin. A PostgreSQL, wata manhajar rumbun adana bayanai, a yi UPDATE (umarnin sauya abin da ke cikin layi) da zai ƙara 1 bisa sharaɗin adadin bai kai iyaka ba, a haɗa shi da ƙirƙirar asusun su yiwu tare ko su fasa tare. In babu layin da ya sauya, gurabe sun cika.

Wanda bai tabbatar da imel ba, a ba shi awa 24, sannan a share asusunsa a rage adadin. Ana yawan mantawa da ragewar nan, sai manhaja ta riƙa korar mutane alhali akwai wuri.