Mai gida na son a yanke kuɗin wuta guda kowane wata, in yarda?

Mushe na Zariya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Haya nake a unguwar Zariya nan Maradi, mu huɗu kan kwantar (mitar wuta) guda. Ɗaki biyu gare ni, fanka biyu da tele, ba ni da firigo. Da ɗari kasona bai wuce jika 4, amma Afrilu da Mayu sai ya kai jika 13. Yanzu mai gida ya tara faktir (takardar kuɗin wuta) ta wata 12 ya raba, ya ce in riƙa ba shi jika 8 kowane wata, in shekara ta zagayo a zauna lissafi: in da rara ya maido, in da giɓi in cika. Wanda ya taɓa irin wannan tsari ya gaya mini yadda ta kaya.

Ɗan Mokoyo: Ka sa sola ka huta, Mushe.

Tela Sabon Gari: Jika 8 da firigo ai sadaka ce. Karɓa kawai.

Mushe na Zariya: Tela, na ce ba ni da firigo.

Maman Biyu: Ƙanena, kar ka soma. Ni ta ci ni a Bagalam. Jika 10 muka yanke da mai gidanmu, na kama biya ba fashi. Sai ga Agustan 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulki. Ka san Maradi daga layin Katsina muke sha. Muka koma kwana tsakar gida da mafici, sauro na cin yara, amma wata na ƙarewa yaronsa na bakin ƙofa. Na ce Alhaji, wutar da babu fa? Ya ce ai za a gani ga lissafi. Na yi haƙuri. Da azumin 2024 ya zo cikin zafi, matar ɗakin ƙurya ta shigo da firigo biyu manya tana sayar da ƙanƙara da bisaf, ita ma jika 10 ɗinta. Ranar lissafi ya ɗauko littafi, ya ce ana bina jika 46. Na ce a nuna mini faktir, ya ce ta ɓace wajen yara. Bayan sati biyu aka zo aka yanke mana wuta, ashe wata uku bai kai kuɗin ba. Kuɗinmu yake juyawa a kasuwa! Mu muka sake haɗawa aka maido. Har yau in na ga ƙofar gidan nan raina ɓaci yake.

Ɗan Mokoyo: Allah ya isar miki, Hajiya. Ita mai ƙanƙarar ko ɗan ƙulli ba ta ba ki?

Maman Biyu: Da kuɗina nake saye, dala biyar biyar.

Tsohon Akawu: Hajiya, abin da ya same ki rashin amana ne, ba laifin tsarin ba. Mushe, jika 8 sau 12 jika 96 ke nan. Tara abin da ka biya bara ka gani, in ya yi kusa da haka to ba a rage maka ko dala ba, an dai shimfiɗa nauyin ne. Da ɗari kai ke bin mai gida, da bazara shi ke binka. Don haka watan farawa na da muhimmanci: in kun fara Nuwamba, kuɗinka za su taru hannunsa wata huɗu kafin zafi. Ka ce a fara Maris. Kuma faktir da rasi ka gan su da idonka kowane wata, ka ɗauki hoto.

Tela Sabon Gari: Ni shekara uku ina ba da jika 5, har da dutsen guga, ba a taɓa kirana lissafi ba.

Mai Shago Ɗan Gulbi: Jika 5 da guga? Ko dai mai gidan surukinka ne. Ni ɗaki guda, jika 9.

Maman Biyu: Baba Akawu, da girmanka, amma kai gidan kanka gare ka. Wanda bai taɓa haya ba bai san yadda ake cewa mai gida "nuna mini rasi" ba. Washegari sai ya ce ɗansa zai yi aure yana son ɗakin.

Tsohon Akawu: Ɗiyata, shekara 11 na yi haya a Damagaram kafin in aza bulo.

Maman Biyu: Lokacin da fanka guda ake yi wa unguwa kallo.

Ɗan Mokoyo: Mushe, ka karɓa. In lissafi ya zo ka ce mushe ba ya biyan bashi.

Mushe na Zariya: Za ka zo neman rijistar ɗanka, ina nan.

Mai Shago Ɗan Gulbi: Maganin duka ƙaramar kwantar ga kowane ɗaki, kowa ya ga abin da ya sha. Amma ni wuta ba ta dame ni kamar ruwa ba. Gidanmu da yawan mutane ake raba kuɗin fanfo. Maƙwabcina ya rubuta mutum uku, alhali tumaki biyar gare shi, ga ƙannen matarsa daga Tibiri sun zo hutu wata biyu.

Tela Sabon Gari: Tunkiya rabin mutum ake lissafa ta gidanmu.

Maman Biyu: To mai wankin babur kullum safiya fa? Da mai wankau da ke kawo kayan mutane tana wankewa da fanfonmu?

Mushe na Zariya: Jama'a, ranar Juma'a zan ba shi amsa. In ce a fara Maris ɗin, ko in bar zancen?

Mai Shago Ɗan Gulbi: Tela, ɗan rago fa, nawa kuke sa masa?