Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba ciwon da ake kira PTSD?

Bilkisu:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina fassara wani shirin rediyo a kan tsofaffin sojojin Amurka, kuma dole in miƙa rubutun ranar Alhamis da safe domin a naɗa da yamma. Na gama komai sai kalma ɗaya da ta gagare ni, wato ciwon nan da likitoci ke taƙaitawa da haruffa huɗu, PTSD, wanda ke kama mutum bayan ya ga mutuwa ido da ido ko ya tsallake rijiya da baya. Ta fito sau goma sha bakwai a rubutun, saboda haka ba zan iya yin dogon bayani duk inda ta fito ba. Da farko na rubuta "firgicin yaƙi", amma kashi na biyu na shirin ya rushe mini wannan, domin mutumin da aka yi hira da shi bai taɓa zuwa fagen daga ba. Abin ya same shi ne tun yana kurtu, cikin makonni goman da sojan ƙasa na Amurka ke yi a horon farko, ranar da aka yi hatsari a filin koyon harbi yana tsaye kusa da wanda ya mutu. Ina neman kalmar da za ta ɗauki mutanen biyu, wadda kuma mai sauraro ba zai ji ta ya ce ai hauka ake nufi ba.

Nura:
Wa alaikumus salam. Firgici da razana da kaɗuwa duk na ɗan lokaci ne, mutum ya zabura sannan ya dawo hayyacinsa, shi kuwa wannan ciwo zama yake yi. Ni zan ce "ɗimuwar bayan tashin hankali". Ɗimuwa tana iya daɗewa, kuma ba ta zargin mai ita da komai.

Malam Habibu:
Malam Nura, abin da ka kawo bayani ne, ba suna ba ne. Kalma huɗu da aka jera bisa sawun Turanci, har da "bayan" ɗin da suka sa a gaba, ba za ta zauna a bakin kowa ba. Hausa tana da ƙirar da ta tanada domin irin wannan hali tun kafin a haife mu: muna cewa gigin barci, muna cewa gigin tsufa, wato gigin da barci ko tsufa ya jawo. A kan wannan ƙira na gina "gigin yaƙi", kuma na yi shekaru ina amfani da ita a aji, ban taɓa samun ɗalibin da ya nemi ƙarin bayani ba. Gajeriya ce, tana da daɗin faɗa a rediyo, kuma babu aro a cikinta ko kaɗan. Malama Bilkisu, ki ɗauke ta ki huta.

Dakta Asma'u:
Allah ya gafarta Malam, ƙirar tana da kyau, amma kalmomin biyu duk suna da matsala a wurina. Zan fara da "yaƙi", domin likitocin Turai da Amurka sun riga mu faɗawa wannan rami har sau da yawa. A 1915 wani likitan Birtaniya, Charles Myers, ya yi rubutu a kan sojojin Yaƙin Duniya na Farko da ke karkarwa ko su kasa magana, aka kira abin da sunan da ke nufin girgizar da harsashin igwa ke jawowa, sai daga baya aka lura cewa yana kama har wanda babu wani harsashi da ya fashe kusa da shi. A Yaƙin Duniya na Biyu aka koma kiransa gajiyar yaƙi, kamar hutun kwana uku zai warkar da shi. Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da sunan da muke magana a kai cikin bugu na uku na kundinta, kuma babu kalmar yaƙi a cikin sunan, saboda an gane cewa macen da aka yi wa fyaɗe da wanda ya tsira daga gobara ko hatsarin mota suna fama da abu iri ɗaya da soja.

Game da "gigi" kuwa, mai gigin tsufa ya daina gane 'ya'yansa, mai gigin barci bai san inda yake ba. Mai wannan ciwo ya san kansa, yana zuwa aiki, yana lissafin kuɗinsa daidai. Abin da ke damunsa shi ne lamarin yana dawo masa a mafarki ko ido biyu kamar yanzu yake faruwa, yana ƙaurace wa duk abin da zai tuna masa, yana ɗora wa kansa laifi, kuma kullum a ɗarare yake, ba ya samun barci, ƙaramin motsi ya zabura. Sai alamun sun wuce wata guda muke kiransa da wannan suna, wani ma sai bayan wata shida suke cika. Idan aka ce gigi a rediyo, wanda muke so ya zo asibiti shi ne zai fara ɓuya.

Malam Habibu:
Likita, na ji tarihin, amma tarihin Turawa ne da kalmominsu. Ku likitoci da Turanci kuke karatu, da Turanci kuke rubuta takardar magani, sai in an zo sanya suna ku ce ku ne alƙalai. Wanda ya ƙare rayuwarsa a nazarin harshe ya kawo kalma, a ce ba ta yi ba saboda wani kundi da aka buga a Amurka. In haka ne a bar haruffan nan huɗu kawai, mai karanta labarai ya riƙa cewa Fi-Ti-Es-Di, mu ga wanda zai fahimta. Kullum haka ake yi, a raina abin gida a rungumi aro, har Hausa ta zama bara-gurbi.

Nura:
Malam, da girmamawa, babu wanda ya ce a bar haruffan. Amma in aro ne laifi, to shirin gaba ɗaya ba zai naɗu ba, domin soja da kurtu da bariki da fareti da kofur da samanja da hafsa duk daga Turanci muka karɓe su, mun lanƙwasa su har sun yi jam'i irin namu, muna cewa kurata da hafsoshi. Ba na jin akwai wanda zai ce a mayar da kurtu "sabon dakare".

Malam Habibu:
Da an tambaye ni a lokacin, da na ce a yi hakan. Kuma ban ga dalilin da yaron da na girme wa karatu zai koya mini asalin kalmar kurtu ba. In "yaƙi" ce ta dame ku, na sauya: "gigin fargaba".

Baba Garba:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba malami ba ne, tsohon samanja ne, na yi shekara ashirin da shida cikin kaki. 'Yata Bilkisu, ki kula da wani bambanci a fassararki. Wahalar horon kurata daban, wannan ciwo daban. A tashe ka da usur tun duhu bai yaye ba, a aske maka kai, a yi maka tsawa a fuska, ka yi tsallen kwaɗo har cinyarka ta daina jin umarninka, a zubar maka da shimfiɗa saboda bargon ya karkace da faɗin yatsa, duk mun sha wannan gwale-gwalen, kuma yawancinmu dariya muke yi in mun tuna. Amma akwai wanda muka yi horo tare, a gudun safe na kusa da shi ya faɗi, mai horar da mu ya ce wanda ya tsaya zai ɗanɗana kuɗarsa, muka tsallake shi muka wuce, kafin mu dawo rai ya yi halinsa. Abokin nan nawa ya yi aikinsa har ya yi ritaya da muƙami, ba wanda ya taɓa cewa hankalinsa ya taɓu, amma har yau ba ya iya zama inda ake buga ƙwallo, domin da alƙalin wasa ya busa usur sai gumi ya karyo masa, hannunsa ya kama rawa, ya tashi ya bar wurin. Matarsa ta ce mini ya fi shekara talatin bai yi barcin da ya wuce ƙarfe uku na dare ba. In kuka ce masa gigi gare shi, ba zai sake yi muku magana ba. Shi da bakinsa abin da yake cewa shi ne, "an fama mini mikin."

Dakta Asma'u:
Baba, ka ba mu abin da muka rasa. Bambancin da ka kawo shi ne ainihin ma'aunin da muke bi: tsawa da gajiya ba su isa ba, sai an fuskanci mutuwa ko mummunan rauni ko cin zarafi irin na fyaɗe. Kuma horon kurata yakan kai ga haka. A 1956 a sansanin Parris Island na sojan kundumbalar ruwa na Amurka, wani mai horarwa ya tura kurata cikin wani rafi da dare domin ladabtarwa, shida suka nutse. Bilkisu, duk inda rubutunki ya yi maganar ƙara ko wari ko wuri da ke tayar da ciwon, "fami" za ki sa, ban ga kalmar da ta fi ta ba. Maganar miki kuma ta yi daidai da wata muhawara da aka yi a can. Janar Peter Chiarelli, lokacin yana mataimakin babban hafsan sojan ƙasa na Amurka, ya nemi a cire kalmar da ke nuna cuta a sa wadda ke nufin rauni, domin soja ba ya jin kunyar rauni, amma bugun kundin na 2013 ya bar sunan yadda yake. Mu da babu kundin da ya ɗaure mu, muna iya cewa "mikin zuci".

Nura:
Ina tsoron "mikin zuci" zai tafi wajen masu waƙar soyayya, ko a ɗauka ciwon zuciya ne na asibiti. Ina nan a kan ɗimuwa, amma na yarda a gajarta.

Bilkisu:
Na gode muku duka, lokaci ya ƙure mini. Ga abin da na tsayar: a farkon shirin zan ce "ciwon ɗimuwa da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD", daga nan sai "ciwon ɗimuwa" kawai. Inda tsofaffin sojojin ke magana da bakinsu zan sa "miki" da "fami" kamar yadda Baba ya kawo. Allah ya gafarta Malam, akwai wuri ɗaya da aka ambaci tsohon sunan da aka yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Farko, kuma a nan na sa "gigin yaƙi", domin ta dace da yadda mutanen wancan zamani suka ɗauki abin.

Malam Habibu:
Wato kin ajiye kalmata a inda ake ajiye kayan tarihi. To, shirinki ne. "Ciwon ɗimuwa" ba ta da laifi a nahawu, ko da yake har yanzu ina ganin ba ta da gishiri, kuma ni a ajina gigin fargaba zan riƙa cewa. Ki dai gaya wa mai karantawa ya furta ɗ ɗin nan da ƙugiyarta, kada ya sake ta ta koma wani abu daban a kunnen mai sauraro. "Fami" kam na karɓa, amma ba daga likita na karɓe ta ba, daga samanja ne.