Yaya kuke dasa alamar ƙarshen labari tun daga farko?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina shirya gajeren labari ne don gasar Hikayata ta BBC Hausa, kun san ba a wuce kalma 1,500. Wata mata ce za ta gano a ƙarshe cewa ƙanwarta ce ke kai tseguminta wurin uwar miji. So nake idan mai karatu ya kai ƙarshe ya ce "ashe!", kada ya ce "wannan kuma daga ina?" Waɗanda suka taɓa gwadawa, ku ba mu a sha.

Bakatsiniya:
Wa'alaikumus salam Anti. Don Allah ki raba kanki da mafarki da faɗuwar gaba, sun gaji. Da na ga "gabanta ya yanke ya faɗi ba ta san dalili ba", na san ko mutuwa ce ko kishiya, sai in tsallake zuwa ƙarshe kawai. A wani labarina uban gida zai yi tafiyar da ba zai dawo ba. A sakin layi na farko sai na sa ya miƙa wa babban ɗansa makullin sito, yana mita cewa aljihun rigarsa ya huje kuma ba wanda ya kula ya ɗinke. Kowa ya ɗauka faɗan safe ne irin na magidanta. Sai bayan sadakar uku, da yaron ya buɗe siton zai auno wa gida hatsi, masu karatu suka koma sama suna neman layin.

Malamin Adabi:
Abin da Bakatsiniya ta yi ke nan da kyau: ta ba makullin dalili na yau da kullum, hujin aljihu, shi ya ɓoye ainihin aikinsa. Anton Chekhov, marubucin nan na Rasha da ya rasu a 1904, ya shahara da shawarar cewa idan an rataye bindiga a bango a farko, to lallai a harba ta kafin a gama. Ɗalibaina sukan riƙe rabin maganar, su cika shafin farko da bindigogi, ga wuƙa, ga laya, ga baƙuwar lamba tana kira, alhali guda ɗaya za a yi amfani da ita. Hajiya, a naki labarin gwada ƙamshi. Uwar mijin tana da wani turaren wuta da ake aiko mata daga Maiduguri. Ƙanwar ta shigo da yamma, yayar ta ce mayafin nan naki yau ƙamshi yake, ta ce a Adaidaita ta kwaso. Ki wuce abinki.

Uwar Ɗaki:
Malam, da izininka, masu karatun WhatsApp ba su da dama fa. Na taɓa saka alama mai laushi irin wannan a shafi na biyu, kafin in idar da sallar isha'i wata ta riga ta rubuto a sharhi, "wallahi aminiyar ce." Wata marubuciya ta ce in sauya ƙarshen don in ba su kunya. Na ƙi. Na ga waɗanda suka yi haka, sai labarin ya karye a tsakiya, a ɗora laifi kan mai gadin da ba a taɓa ambata ba. Wadda ta gano ɗin ma ita ta fi kowa damuna da a ci gaba.

Ɗan Damagaram:
Haka kakarmu take mana a tatsuniya. Da ta ce Gizo ya ƙyalla ido ya hango rumbun sarki, mun san inda za a kwana, amma ko mai jin barci ba ya tashi sai an ce ƙurunƙus.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai. Turaren na ɗauka. Malam, sau nawa zan ambace shi?

Malamin Adabi:
Sau biyu ya isa. Na farko a mayafin ƙanwar, cikin kalma 200 na farko. Na biyu ranar da yayar ta je gaida uwar mijin ta tarar an zuba shi a kasko. Kada ki sa ta yi bayani, ki bar ta ta tsaya a bakin ƙofa kawai.